Mutum Huɗu Aka Dakatar, Ƙanena Kaɗai Ya Rasa Karatu

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Fagge, ni nake riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ƙanena yana aji uku a wata jami'ar kuɗi a Abuja, yana karanta ilimin kwamfuta. Ba ƙarfinmu ne ya kai shi ba, wata gidauniya ce ta ɗauki nauyinsa saboda sakamakonsa na sakandare. Suna biyan kuɗin makaranta da na ɗaki, amma ci da data da kuɗin mota a kaina suke, kuma abin da nake iya tura masa a wata bai wuce naira dubu talatin ba.

Ashe ya ɗan jima yana yi wa wasu 'yan ajinsu jinga suna biyansa. A zangon da ya wuce ya yi wa mutum uku, kowanne dubu ashirin da biyar. Malamin ya ga aikin ya zo iri ɗaya, aka kai su gaban kwamiti. Ƙanena bai yi musu ba, ya amsa laifinsa. An dakatar da su huɗun shekara guda. Ɗaya har iyayensa sun fitar da shi waje ya ci gaba, biyun suna gida suna jiran shekara ta zagayo. Shi kuwa gidauniyar ta rubuto cewa duk wanda aka hukunta, tallafinsa ya faɗi. Ko kekunan ɗinkina duka na sayar ba zan haɗa kuɗin shekara ɗaya ba.

Malam, wannan adalci ne? An ba shi mako biyu ya ɗaukaka ƙara, saura kwana tara. Wani abokina ya ce ya canza magana, ya ce a laftof ɗinsa suka sace aikin. Wani ya ce mu fallasa makarantar a TikTok. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, har yau ta ɗauka hutu ya zo. Shi kuma ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci sai na ja shi.

Naka, wani tela daga Fagge.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ya saka maka da alheri kan riƙon gidan nan.

Tambayarka tana da kai biyu, kuma in ka cakuɗa su za ka ƙone kwana taran nan a kan abin da ba zai sauya ba. Akwai hukuncin da kwamiti ya yanke, akwai kuma abin da hukuncin ya jawo wa gidanku. Na farkon ban ga zalunci a cikinsa ba. Na biyun kuwa ya wuce girman laifin, kuma a kansa nake so ka zuba ƙarfinka.

Bari in fara da mai ɗacin. Ƙanenka ya yi laifi, kuma talauci bai wanke shi ba. A dokar kowace jami'a, wanda ya rubuta wa wani aiki da wanda aka rubuta wa duk maguɗi suka yi. Ka san hadisin da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Takardar digiri ma haja ce da ake kai wa kasuwa. Yaran nan uku za su fito da shaidar cewa sun iya abin da ba su iya ba, wani banki ko wani asibiti ya ɗauke su a kan haka. Akwai kuma mutumin da ba ka ambata a wasiƙarka ba: ɗalibin da yake ajin, wataƙila shi ma ɗan tela ne ko ɗan mai shayi, wanda ya kwana yana fama da nasa aikin da yunwa a cikinsa, ya samu matsakaicin maki, waɗanda suka saya suka wuce shi. Shi ma an ci haƙƙinsa, kuma da hannun ƙanenka aka ci.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa a kawar da kai idan talaka ne ya yi maguɗi. Lokacin da matar nan ta Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama bn Zaid ya nema mata alfarma, Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne in babba ya yi sata a ƙyale shi, in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi. A suratun Nisa'i, aya ta 135, Allah ya umarce mu da tsayuwa kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, ya ce mawadaci ne ko matalauci, Shi ya fi cancanta da lamarinsu. Ayar ta rufe ƙofar tsoron mai kuɗi, ta kuma rufe ta karkata saboda tausayin talaka. Ni kuma abin da na gani a aiki shi ne, duk ranar da aka yarda doka ta lanƙwasa, ba wurin talaka take lanƙwasawa ba. Mai lambar wayar shugaban makaranta shi yake cin moriyar. Da ka rubuto mini cewa an kori ƙanenka an bar yaran nan uku suna shiga aji, da wata magana nake yi yanzu. An haɗa su huɗu a hukunci ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan.

To amma ka yi gaskiya a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan rage maka ita ba.

Na taɓa zama a irin wannan kwamiti a shekarun da nake koyarwa. Akwai ranar da muka dakatar da ɗalibai biyu kan laifi ɗaya, muka karanta musu hukunci kalma ɗaya. Aka tambaye su ko suna da abin cewa. Na farko ya tambayi ko za a bar shi ya shiga da mota ya kwashe kayansa a yau. Na biyu ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, za a rubuta wa waɗanda suke biya mini?" Sakataren kwamiti ya ce masa haka ƙa'ida take. Ya ce to, ya gode, ya fita. Na farkon ya dawo bayan shekara ya gama. Na biyun ban sake ganinsa ba. Mun fita daga ɗakin nan muna ganin mun yi adalci tunda ba mu bambanta ba, amma babu wanda ya tambaya a cikinmu, har da ni, me shekara ɗaya take nufi ga kowannensu. Mutum biyu muka yi wa bulala goma-goma, ɗaya da rigar sanyi a jikinsa, ɗaya ko singileti babu. Har yau abin yana damuna.

Shari'armu ba ta gafala da wannan ba. Dubi kaffarar rantsuwa a suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba, azumin kwana uku. Laifin ɗaya ne, ba a yafe wa kowa ba, amma an auna abin biya da ƙarfin mai biya. Akwai kuma ƙissar da ta zo a Muwaɗɗa Malik, wadda nake so ka karanta wa ƙanenka. Bayin Haɗib suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Aka kai maganar gaban Sayyidina Umar, har ya ba da umarni a yanke hannuwansu, sai ya juya kan maigidansu ya ce: ina ganin kana barinsu da yunwa. Ya tambayi mai taguwar kuɗinta, ya ce dirhami ɗari huɗu, Umar ya sa aka biya shi ɗari takwas. Imam Malik ya ce ninka kuɗin ba shi ne abin da ake aiki da shi a wurinsu ba, amma malamai da yawa suna kafa hujja da ƙissar kan cewa alƙali yana duba abin da ya tura mutum ga laifi, yana kuma duba wanda ya bar shi a wannan hali. Ban ce yunwar ƙanenka ta kai ta waɗancan bayi ba, kada ya ɗauki wannan ya mai da shi hujja. Abin da nake nuna maka shi ne Umar bai tsaya kan ɓarayin kaɗai ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidauniyar da ta ɗauki yaro daga Fagge ta ajiye shi a makarantar da 'yan ajinsa suke kashe kuɗin abincinsa na wata a zama ɗaya, ta biya ɗaki ta biya aji ta bar cikinsa, ta yi alheri amma ba ta ƙarasa shi ba. Na san irin yaran nan. Su ne za ka ga lokacin cin abinci ya yi sun zauna a ɗakin karatu, in ka tambaya su ce azumi suke, ranar kuma ba Litinin ba ce ba Alhamis ba. Abin sayarwa ɗaya gare su a wurin, ƙwaƙwalwarsu, masu saye kuma suna kwana ɗaki ɗaya da su. Mafi yawansu suna daurewa, Allah ya ba su lada. Wasu kuma sukan faɗa.

Ba mu kaɗai muke fama da wannan tambaya ba. A ƙasar Finlan, tarar wasu laifuffuka da abin da mutum yake samu a rana ake auna ta. A 2002 an ci wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar Yuro 116,000 saboda ya wuce ƙa'idar gudu da babur a Helsinki, daga baya kotu ta rage da ya nuna samunsa ya faɗi. Manufarsu ita ce zafin tara ya zo daidai a jikin kowa. A Amurka kuma, a 2012, jami'ar Harvard ta binciki ɗalibai kimanin 125 a darasi guda kan haɗa baki a jarrabawar da ake tafiya da ita gida, aka sa fiye da rabinsu barin makaranta na wani lokaci. Binciken ya ɗauki watanni, wanda aka makara a kan shari'arsa kuma kuɗin zango yana ta hawa kansa. Sai jami'ar ta tsayar da rana ɗaya a lissafin kuɗin, don kada jinkirin ya zama ƙarin hukunci a aljihun wasu. Ba ta janye hukuncin ba, ɓarnar kuɗin da ta biyo bayansa ta rage. Irin wannan roƙo za ku yi ke nan.

Yanzu ga shawarar abokanka. Ta canza magana, ka jefar da ita yau. Ƙanenka ya riga ya amsa a gaban kwamiti, an rubuta, wataƙila ya sa hannu. Kuɗin nan ta banki suka shigo ko ta waya, akwai alat, akwai hirarsu a WhatsApp a wayoyin mutum uku da ba su da dalilin rufa masa asiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙarya a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara tana iya mai da dakatarwa ta koma kora. Dukiya ɗaya ta rage masa a shari'ar nan, ita ce da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya. Kada ka bari a raba shi da ita. TikTok ma haka. Za ku samu masu tausayi na kwana biyu, sunan yaron ya manne da kalmar maguɗi a intanet har ranar da zai nemi aiki, waɗanda kuke so su sassauta kuma su ƙeƙashe. In aka kuskura aka ambaci sunan wani da abin da ba za a iya tabbatarwa ba, ga ƙarar ɓata suna tana jira. Haka duk wanda ya zo ya ce ya san wani a ciki, a kawo wani abu, ka sallame shi. Maguɗi ne ya kawo ku nan.

Kotu fa? Kotun Ƙoli ta taɓa soke korar ɗalibai a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, saboda ba a ba su haƙƙin sauraro na adalci ba bayan tarzomar 1983. Shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Wato jami'a ba ta fi ƙarfin doka ba. Amma lura da shekarun, uku aka yi kafin a kai ƙarshe, kuma abin da kotu ta duba shi ne yadda aka yi shari'ar. Ka tambayi ƙanenka: an sanar da shi tuhumar a rubuce? An ba shi lokaci ya shirya? An nuna masa hujjar? Malamin da ya kai ƙara yana cikin masu yanke hukuncin? In akwai tangarɗa a nan, a sa ta cikin takardar ɗaukaka ƙara, a kuma nuna wa lauya. In babu, kada ka sayar da keke ko ɗaya don kuɗin lauya.

Takardu biyu nake so ku nemo a daren yau: littafin dokokin ɗalibai na jami'ar, da wasiƙar da gidauniyar ta ba shi ranar da ta ɗauke shi. A na farkon ku duba abin da aka tanada wa wannan laifi, ko akwai mataki-mataki, ko an bambanta wanda ya fara da wanda ya maimaita. In doka ta ce daga faɗuwa a darasin zuwa dakatarwar zango biyu, to akwai filin roƙo a sauko da shi ƙasa. A ta biyun ku karanta kalmomin da kansu. Shin dakatarwa aka ambata ko kora? An ce tallafin ya faɗi, ko an ce gidauniya tana iya janyewa? Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa.

Takardar ɗaukaka ƙarar shi zai rubuta da kansa, kada ta wuce shafi biyu. Ya buɗe da amsa laifi ba tare da kwana-kwana ba, ya faɗi har waɗanda suka gabata in an tambaya. Kada ya ce ai kowa yana yi, kada ya zagi yaran nan uku. Sannan ya shimfiɗa lissafi: ga abin da yayana yake turo mini, ga kuɗin abinci a makaranta, ga inda dubu saba'in da biyar ɗin nan suka tafi, ga bayanan banki. Ya haɗa da sakamakonsa na shekara biyu da rabi, wanda ya samu a ɗakin jarrabawa inda babu mai yi wa wani. Daga nan ya faɗi abin da mai yiwuwa kwamitin bai sani ba lokacin da ya yanke hukunci: cewa a wurinsa shekara guda kora ce, ga wasiƙar gidauniya. Ya roƙi a sauya hukuncin da wanda zai ji a jikinsa amma ba zai raba shi da tallafin ba, kamar maimaita darasin, da gargaɗi na ƙarshe a fayil, da yi wa makaranta hidima. In hakan bai samu ba, ya roƙi magatakardan jami'a ya rubuta wa gidauniyar cewa gurbinsa yana nan, ana jiran dawowarsa. Ya kuma nemi malami ɗaya da ya san shi a aji ya rubuta masa shaida. Zai ji nauyin tunkarar malamin, amma ya daure ya je.

Ƙofar gidauniyar ta fi ta jami'a muhimmanci a ganina, kuma ita mutane suka fi mantawa. Jami'a tana da ɗaruruwan ɗalibai da take tsoron su ce an yi son kai. Gidauniya kuwa ta riga ta zuba miliyoyi a kan yaron nan, in ya tsaya a aji uku ita ma ta yi asara. Kada ku tsaya kan wasiƙa. Ka sa kaya masu kyau, ka ɗauki wani dattijo da ake jin nauyinsa, kawunku ko limamin unguwa, ku je da yaron. Abin roƙo shi ne a jingine tallafin shekara guda maimakon a soke, da sharaɗin duk da suka ga dama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kun samu fuska, ka faɗa musu cikin ladabi yadda ɗalibansu suke ci a makarantar nan, don akwai wasu yaran a bayansa.

Ka shirya wa rashin nasara ma, don tana iya zuwa. Kada ya sa hannu a kan wata takardar janyewa da kansa sai kun fahimci abin da take nufi, kuma ya nemi cikakkiyar takardar sakamakonsa tun yanzu. Da ita za a nemi canjin makaranta zuwa ta gwamnati, Bayero ko ta Wudil ko Northwest, ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN da take da cibiya a nan Kano. Za a tambayi dalilin barin waccan, ya faɗi gaskiya. Wata za ta ƙi, wata tana iya karɓa ta mai da shi baya da aji. In ta kama ya sake JAMB, ya sake, yaron da ya ci tallafi da sakamakonsa ba JAMB ce za ta kayar da shi ba. A makarantun gwamnati akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a cikinsa, yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na kashewa, ɗaliban jami'o'in kuɗi kuwa ba sa ciki.

Kulle kansa da yake yi a ɗaki ya fi komai tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Yaron da duk unguwa take nuna shi ana cewa ga wanda zai fitar da gidan, in ya faɗi, kunyar takan fi hukuncin nauyi. Ka yi masa faɗa sau ɗaya, mai kyau, ka rufe babin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Daga gobe ya riƙa bin ka shago, ko guga ce ya yi, ko ya riƙe maka lissafi. Mai ilimin kwamfuta ba ya rasa abin yi a Kano: ga masu gyaran waya da kwamfuta a Farm Centre, ga makarantun da suke neman mai koyar da lissafi, ga 'yan Kantin Kwari da suke son a tsara musu tallan kaya a intanet. Ƙwaƙwalwar da ya sayar ta haramtacciyar hanya tana da kasuwa ta halal. Amma in ka ga ya daina ci, ba ya barci, ko ya fara cewa gara ma ba ya raye, kada ka ce zai wuce. Ka kai shi asibitin Malam Aminu Kano ya ga likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Hajiya kuma a faɗa mata cikin makon nan. Hutu ba ya shekara, kuma gara ta ji daga bakinku da ta tsinta a gidan biki. Ku bari ta sha maganinta ta ci abinci, a samu ƙaninta ko yayarta a kusa, shi ya durƙusa ya faɗa da bakinsa, kai kuma ka biyo da abin da kuka riga kuka shirya: ga takardar da aka rubuta, ga ranar da za a je wurin gidauniya, ga makarantun da za a nema in ba a dace ba. Za ta yi kuka, ku bar ta ta yi, sannan ku roƙe ta ta sa masa albarka kafin ku kama hanyar Abuja.

Takardar ta isa ofishin magatakarda kafin kwana na bakwai, kada ku kai ta ranar ƙarshe, kuma a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ka rubuto mini abin da gidauniyar ta ce.